Danshi a Amya Lokacin Hunturu: A Huda Sama, A Sa Matashi, Ko A Rufe Ruf?

A ƙarshen watan Maris ne, ƙanƙara ta fara narkewa a kudancin Ontario, na buɗe amyar farko da hunturu ya kashe mini. Ina ɗaga murfin ciki, wato allon da ke ƙarƙashin murfin waje, sai ruwa ya zubo mini a hannu. Katakon ya yi baƙi ƙirin da funfuna, ƙudan zuman kuwa suna cure wuri guda tsakanin saƙa uku, sun jiƙe sharkaf kamar an tsoma su a bokiti. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne zuma na nan cike a gefensu, tazarar ba ta wuce tafin hannu ba. Da yunwa ce ta kashe su, da na san laifina.

Na kai kukana wurin dattawa biyu a ƙungiyar masu kiwon zuma ta yankinmu, kowannensu ya fi shekara talatin a sana'ar. Na farko ya ce numfashinsu ne ya rasa hanyar fita, in huda ƙofa a sama tururi ya riƙa ficewa. Na biyun ya girgiza kai, ya ce rufin amyar ne ya yi sanyi, in toshe duk wata kafa ta sama in jibga abin riƙe ɗumi. Dukansu ƙudansu na ƙetare hunturu, kuma dukansu da zuciya ɗaya suka ba ni shawara. Sai da na shafe hunturu da dama ina gwada wannan ina gwada wancan kafin na gane inda kowanne ya yi gaskiya.

Na rubuta wannan ne don 'yan'uwanmu da zama ya kai su Kanada, arewacin Amurka, Birtaniya ko Jamus, suka ajiye amya ɗaya ko biyu a bayan gida, ga watan Oktoba ya ƙarato suna tunanin abin da za su saya.

Daga ina ruwan yake fitowa?

Ƙudan zuma ba sa barcin hunturu. Da zarar sanyi ya sauko wajen digiri 14 a ma'aunin Selsiyas, sai su dunƙule su zama curi guda, sarauniya a tsakiya. Na ciki suna kaɗa tsokar ƙirjinsu ba tare da motsa fiffike ba, daga nan ɗumi ke fitowa. Tsakiyar curin kan haura digiri 20, in kuwa sarauniya ta fara zuba ƙwai a Janairu ko Fabrairu, dole su riƙe wurin a digiri 34 zuwa 35, ko da waje ya kai digiri 20 ƙasa da sifiri. Na gefen curin suna zaune ne a wajen digiri 8 zuwa 10, gab da inda jikinsu zai sandare.

Makamashin wannan aikin zuma ce, kuma duk sukarin da jiki ya ƙona, ruwa ne da iskar numfashi ke fitowa. Giram 180 na gulukos yana ba da giram 108 na ruwa. Ita kanta zumar, kashi 17 zuwa 18 cikin ɗari ruwa ce. In ka haɗa lissafin, kilo ɗaya na zuma yana fitar da kusan kashi biyu cikin uku na lita. Amyar da ta cinye kilo 30 daga Nuwamba zuwa Afrilu ta fitar da ruwa cikin jarka mai lita 20 ke nan, a cikin akwatin da zai zauna a kan kujerar mota.

Duk wanda ya taɓa ɗaga murfin tukunyar tuwo ya san sauran labarin. Iska mai ɗumi tana ɗaukar ruwa da yawa: ɗaki mai faɗi, tsawo da tsayin mita ɗaya zai riƙe giram 17 a digiri 20, amma a sifiri ko giram 5 ba zai riƙe ba. Tururin ƙudan yana tashi sama, ya taɓa abu mai sanyi, ya koma ruwa. In murfin amya ne ya fi ko'ina sanyi, can zai taru, ya daskare da dare, rana ta ɗan haska ya narke ya ɗigo a kan curin. Ƙuda busasshe yana jure sanyin da ba ka zata ba. Jiƙaƙƙe kuwa gashin jikinsa ya kwanta, ɗuminsa ya tsere, cikin ɗan lokaci ya faɗo.

Don haka tambayar da nake yi wa kowace dabara guda ce: a ina take sa ruwan ya sauka, kuma zuma nawa ƙudan ke biya a kan hakan?

Huda sama

Wannan ita ce koyarwar da aka gada a Amurka da Kanada. Amyar da kusan kowa ke aiki da ita a nan, wadda Lorenzo Langstroth ya yi wa rajista a 1852, katakonta bai wuce kaurin milimita 19 ba, ɗumi na ratsa shi kamar bangon langa-langa. Masu kiwo suka ga ƙanƙara na taruwa a ƙarƙashin murfi, sai suka buɗe mata hanya: ko a yanke 'yar kafa a gefen murfin ciki, ko a huda rami mai faɗin babban yatsa a gaban akwatin sama, in amyar hawa biyu ce. A Ingila har tsinken ashana ake sawa a kusurwa huɗu na murfin don ya ɗan ɗaga. Iskar waje ta shiga ta ƙasa, ta ɗauki tururi, ta fita ta sama.

Tana aiki, babu musu. In ka je da sassafe a Janairu za ka ga farar ƙanƙara ta yi gemu a bakin ramin, shaidar cewa tururi na fita kuma masu gidan na raye. Ba ta cin ko sisi. Tana da wani amfanin ma da ya fi na danshi: inda dusar ƙanƙara ke kai gwiwa ko ƙugu, ƙofar ƙasa kan binne, ko gawawwakin ƙuda su toshe ta daga ciki, ko ruwa ya daskare a bakinta. Ƙudan zuma ba sa bahaya a cikin gida, suna riƙewa ne makonni har a sami rana mai ɗan ɗumi su fita. In ranar ta zo ƙofar ƙasa a toshe, ta saman ce ke cetonsu.

Amma ka tuna tururi ba ya fita shi kaɗai. Iskar da ta fi kowace ɗumi a amyar ita ce ke tare da shi, wadda ƙudan suka ƙona zuma suka ɗumama. Kamar mutum ne ya hura gawayi a ɗaki cikin jaura, sannan ya cire kwano ɗaya daga rufin. Sai su ƙara cin zuma don su cike giɓin, ƙarin zumar ya haifar da ƙarin ruwa, ya kuma cika musu ciki da abin da dole su fita su zubar. An gudu ba a tsira ba. Babbar rundunar ƙuda mai zuma jingim tana ɗaukar wannan asarar ba ta ji ba, shi ya sa dattijon farko bai taɓa ganin aibinta ba, don amyoyinsa duk ƙarfafa ne. Ƙaramar runduna ce ke shan wuya.

Akwai kuma abin da su ƙudan ke faɗa da aikinsu. Sau da yawa na bar kafa a saman murfi a watan Satumba, in dawo in tarar sun liƙe ta da danƙon itatuwa da suke tarawa, wanda ake kira furofolis. Ramin gaba sukan bar shi, ko su rage masa faɗi, amma kafar da ke kansu kai tsaye ba su cika ƙyale ta ba. Tsakanin ramin da ke jikin bango da kafar da ke cikin rufi akwai bambanci babba, kuma mutane da yawa suna haɗa su a suna ɗaya. Na bango yana barin iska mai ɗumi ta taru a samansa. Ta rufi tana zuƙe ta gaba ɗaya.

Abin da ke shanye ruwa

Hanya ta biyu ita ce a bar tururin ya hau, amma ya tarar da abin da zai tsotse shi. Mafi kyawun nau'inta ya samo asali ne daga wani limamin coci Bafaranshe, Émile Warré, wanda ya rasu a 1951. A saman amyarsa yana ɗora wani ɗan akwati mai zurfin santimita 10, gindinsa yadi, cikinsa cike da ɓawon katako ko busasshiyar ciyawa. Matashi yake kiransa. Yau masu amyar Langstroth sun ari dabarar: a ɗauki akwati marar zurfi, a ɗaure buhun algarara ko ragar waya a gindinsa, a cika da ɓawon katakon da ake shimfiɗa wa dawaki ko kaji, a huda ramuka a gefe can sama da ɓawon, a rufe su da raga saboda ɓera.

Na yi hunturu biyu da wannan, kuma abin da hannuna ya taɓa ya burge ni. In ka cusa hannu cikin ɓawon a tsakiyar Fabrairu, saman a jiƙe yake, wani lokaci ma da ƙanƙara, amma kana nutsawa ƙasa sai ka ji bushe da ɗumi kamar ka sa hannu cikin buhun gero da ya sha rana. Tururin yana ratsawa a hankali, ya taɓa murfin waje mai sanyi, ya ɗigo a kan ɓawo maimakon kan ƙuda, iskar ramukan gefe ta busar da shi. Ɓawon na tare guguwar iska, yana kuma riƙe ɗumi gwargwado. Ga sabon shiga, akwai kwanciyar hankali a cikinta, don kana iya duba lafiyar amya ba tare da ka buɗe kan ƙudan ba: inda ka ji ɗumi, nan curin yake.

Aibinta shi ne tana son kulawa. Jiƙaƙƙen ɓawo ba ya riƙe ɗumi, don haka in hunturu ya zo da ruwan sama da hazo, sai ka canza shi sau ɗaya ko biyu. In ramukan gefe sun yi kaɗan, matashin ya zama jiƙaƙƙen bargo a kan ƙuda. In sun yi yawa kuma ɓawon ba kauri, ka koma huda sama ke nan ta bayan gida. Sannan kaya ne da sai ka nemi wurin ajiyarsu daga Mayu zuwa Oktoba. Mai amya uku ba zai damu ba, mai hamsin zai ji a jikinsa.

Ƙannenta biyu ba sai na daɗe a kansu ba. Akwai allon da aka matse daga tsohuwar takarda, wanda aka fi sani da sunan Homasote, kaurinsa kamar milimita 12. Ana ɗora shi a kan murfin ciki, ya sha ruwa ya fitar ta gefunansa. A wuri mai busasshen sanyi irin Minnesota yana aiki, amma ba ya riƙe ɗumin kirki, kuma inda ruwan sama ke dukan gefensa, shi ma ruwan yake sha daga waje. Sai kuma zuba busasshen sukari a kan takardar jarida bisa firam, wato katakan da saƙar zuma ke maƙale a cikinsu. Sukarin na shan tururi ya daskare kamar alewa, ƙudan su ci in zuma ta ƙare. Ina yin haka ga amyar da na ɗaga na ji ba nauyi, amma a matsayin abincin gaggawa. Kilo biyu na sukari ba zai shanye jarkar ruwa ba, duk wanda ya dogara da shi don danshi ya yi shirin da bai kai ba.

Rufe sama ruf

A nan zan daɗe, don nan zuciyata ta karkata.

Kafin akwati, gidan ƙudan zuma a ƙasashen sanyi kogon bishiya ne. A 1976 Thomas Seeley da Roger Morse na Jami'ar Cornell suka fitar da sakamakon binciken gidajen ƙudan daji a jihar New York, bayan sun sare itatuwan sun tsaga sun auna. Kogon da aka fi samu yana ɗaukar kimanin lita 45, ƙofarsa ƙarama ce kuma galibi tana can ƙasa, bangon ciki a shafe da furofolis, sama kuwa a rufe, da kututture mai kauri a kai. A 2016 wani injiniya a Ingila, Derek Mitchell, ya auna yadda ɗumi ke tserewa, ya samu akwatin katako na zubar da shi ninki huɗu zuwa bakwai fiye da kogon bishiya. Ma'ana matsalar ɗigar ruwa daga rufi, siririn akwatinmu ne ya kawo ta.

Wannan ya tuna mini da amyar da na taso ina gani a rataye a reshen ɗorawa a ƙasar Zazzau: saƙar ciyawa, an shafe ta da kashin shanu, an naɗe ta da shuci, bakin a rufe sai 'yar kafar shiga. Babu wanda ya taɓa huda mata sama. Yanayin ba ɗaya ba ne, ƙudan ma ba jinsi ɗaya ba ne, amma hankalin ginin guda ne: jiki mai kauri, ƙofa ƙarama.

Yadda ake yi a akwati ba wuya. A toshe ramin tsakiyar murfin ciki da duk wata kafa ta sama. A yanko allon soson gini mai tauri, irin shuɗi ko ruwan hoda da ake sawa a bangon gidaje, kaurin santimita 5 aƙalla, a inda sanyi ya yi tsanani a ninka shi biyu. A kwantar da shi a kan murfin ciki ya manne, kada a bar sarari tsakaninsu, don sararin nan ne iska mai sanyi za ta bi ta ɓata aikin. Santimita 5 na wannan soso yana riƙe ɗumi kusan ninki goma na katakon akwatin. In za a naɗe gefuna, a naɗe, amma doka ɗaya ce ba a karya ta: abin da ke sama ya fi na gefe kauri. Ana so rufi ya zama wuri mafi ɗumi a amyar, yadda tururi in ya taɓa shi ba zai koma ruwa ba, sai ya bazu gefe ya gangaro ya sauka a jikin bango, nesa da curin. A ɗan karkata amyar gaba ta hanyar sa katako a ƙarƙashin bayanta, ruwan ya bi ƙofa ya fita. Kada a bar soson a fili inda ƙudan za su kai gare shi, suna gaigayarsa.

Tunanin ba sabo ba ne. Tun 1918 wani mai kiwo a Amurka, Ed Clark, ya yi bayanin cewa amya wurin tara raɓa ce, ba wurin korar ta ba. Hujjar da ta fi kama ni ita ce ƙudan suna buƙatar ruwan nan. Ba sa iya shan zuma mai kauri sai sun sirka ta, wadda ta daskare ta zama tsaki-tsaki kuwa sai da ruwa take narkewa. Daga Fabrairu, masu reno na buƙatar ruwa don haɗa abincin tsutsa, ƙwai ma ba ya ƙyanƙyashewa da kyau a busasshiyar iska. A lokacin kuwa kududdufi duk sun daskare, wadda ta fita ɗibar ruwa sau da yawa ba ta dawowa. Na taɓa sa murfin ciki na roba mai gani-har-hanji a wata amya, wata safiya na ɗaga soson na leƙa: tsakiyar a bushe ƙayau, ƙudan na yawo a ƙarƙashinsa a sake, ɗigon ruwa kuwa jere a can kusurwa, ga wasu uku sun kafa baki suna sha. Tun ranar na daina kallon kowane ɗigon ruwa a amya a matsayin abokin gaba. Akwai ƙarin riba: tururi in ya koma ruwa yana sakin ɗumin da ya ɗauka, in a cikin gida ya yi hakan, ɗumin bai fita ba.

Ba zan ɓoye aibinta ba. Za ka ga funfuna a firam ɗin gefe da kusurwoyin ƙasa lokacin bazara, wani lokacin sai ka zubar da saƙa ɗaya ko biyu. Katakon gindi na saurin ruɓewa. Ƙofar ƙasa ita kaɗai ce hanyar numfashi, don haka duk bayan mako biyu ko uku sai ka je da lanƙwasasshiyar waya ka jawo gawawwaki, bayan ruwan ƙanƙara kuma ka fasa abin da ya daskare a bakin. Sassauƙar dusar ƙanƙara iska na ratsa ta, wadda ta narke ta sake daskarewa ce abin tsoro. Mafi muhimmanci, dabarar na son rundunar da ta dace da girman gidanta. Ƙuda cikin tafin hannu biyu a akwati hawa biyu ba za su iya ɗumama rufin ba, komai kaurin soson. Irin wannan sai a mayar da su akwati ɗaya tun kaka, ko a haɗe su da wata amyar.

Wanda bai riga ya sayi akwati ba yana da gajeriyar hanya: amyar farin soso mai tauri, dangin wanda ake yin kular kifi da shi, bangonta kusan santimita 4. A Finland da sauran ƙasashen arewacin Turai da Jamus an shafe shekaru da dama ana kiwo da ita. Yawanci ba ta da kafa a sama, gindinta raga ne, ruwa na sauka ta nan ya zube ƙasa. A Birtaniya ma, tun da aka rungumi gindin raga bayan shigowar baroa, wani ƙwaro mai kama da ƙaramar kaska da ke raunana ƙudan zuma, a 1992, da yawa sun watsar da tsinken ashana sun koma soso a sama, raga a ƙasa. Tana son fenti saboda rana, ba a ƙona cikinta da wuta don kashe cuta kamar katako, kuma iska na iya kifar da ita in ba a ɗaure ba. Manyan masu kiwo a Manitoba da Quebec kuwa ɗaki suke ginawa, su jera amyoyi ɗaruruwa cikin duhu a digiri 4 zuwa 5 da fankoki na sauya iska. Wannan ba layin mai amya biyu ba ne.

To, wanne za ka ɗauka?

In amyarka na bayan gida, inda za ka iya leƙa ƙofarta duk mako, kuma rundunar ta cika akwatin, rufe sama ka jibga soso. Wannan nake yi wa yawancin nawa yanzu, kuma abin da nake gani a bazara shi ne suna fitowa da ragowar zuma fiye da lokacin da nake huda musu rufi.

In amyoyin na wata gona mai nisa da hanya ke toshewa, inda dusar ƙanƙara ke binne akwati har wata guda ba ka je ba, sa soson a sama yadda na faɗa, amma ka bar ƙaramin rami ɗaya a gaban akwatin sama, ƙasa da rufi da kamar faɗin tafin hannu. Za ka yi asarar ɗan ɗumi, ka sayi hanyar tsira. Masu kiwo da yawa a Ontario a kan wannan tsaka-tsakin suke, kuma ban ga laifinsu ba.

In wannan ne hunturunka na farko, hankalinka ba zai kwanta ba sai kana taɓawa kana gani, yi matashin ɓawon katako, ka cika shi sosai, kada ya gaza santimita 10. Yana yafe kuskure fiye da sauran. Mazauna wuraren da hunturunsu ruwan sama ne da hazo, irin Ingila, Ireland ko gaɓar Vancouver, su fara duba murfin waje tukuna, don sau da yawa ruwan da suke gani yoyo ne ba tururi ba. Su ɗaga amya daga ƙasa kamar tsayin gwiwa, su kauce wa kwari inda hazo ke kwanciya, sannan soso a sama da raga a ƙasa.

Abin da ba zan ba kowa shawara ba shi ne siririn murfi ba soso ba matashi, kuma ba kafa. Shi na yi a shekarar farko. Na biyunsa shi ne soso mai kauri a gefe, sama kuwa fayau: ka tura duk ruwan kan ƙuda da hannunka ke nan. Kuma ko wacce ka zaɓa, gama ba su ruwan sukari da wuri, kafin dare ya fara sanyi sosai, don wanda ba su samu sun busar sun liƙe ba, shi ma danshi ne ka zuba musu.

Akwai wata gaskiya da na daɗe ban karɓa ba. Amyar da ta mutu takan jiƙe ta yi funfuna bayan mutuwar, don gawa na fitar da ruwa kuma babu mai ɗumama gidan. Saboda haka ganin danshi a mataccen gida bai tabbatar da cewa shi ya yi kisan ba. Baroa, ƙwaron nan mai kama da ƙaramar kaska da ya shigo Amurka a 1987, yana raunana ƙudan da aka haifa a Agusta da Satumba, waɗanda su ne za su riƙe gidan har bazara. Curin ya yi ta raguwa har ya kasa ɗumama kansa, sannan ruwa ya ƙarasa shi. Da na koma na tuna amyata ta farko, ban auna baroa ba a kakar nan, kuma curin da na tarar bai kai girman ƙwarya ba. Murfin ya yi nasa laifin, amma ba shi kaɗai ba ne.

Ga 'yan'uwa da ke kiwo a gida kuwa, kada wani ya ga wannan ya je ya naɗe amyarsa da soso a Kano ko Maraɗi. Hunturunmu busasshe ne, ko a Jos da Mambila inda dare ke sanyi sosai ba a samun ƙanƙarar da ke kwana a murfi. Danshinmu na damina ne, a Agusta. Abin da za a ɗauka kawai shi ne maganar rufi: falle ɗaya na kwano a kan amyar nan mai sanduna a sama, wadda ake kira ta Kenya, yana gumi da asuba ya kuma gasa su da rana. A sa ciyawa ko buhu tsakaninsa da sandunan, a bar shi ya zarce gefe yadda ruwa ba zai bi bango ba.

Ni dai a tsakiyar Janairu, ranar da babu iska, nakan zaga da safe in ɗaga murfin waje, in zura hannu ƙarƙashin soson in shafa murfin ciki. In na ji wuri mai ɗumi kamar faɗin faifai kuma katakon a bushe, sai in mayar in ɗaure. In ɗumin ya matso can sama sosai kuma amyar ba nauyi, in shirya sukari. In na ji laima a tsakiya, to akwai kafar da iska ke bi, sai in nemo ta in toshe, in ƙara falle ɗaya a kai. Naɗin gefe nakan cire shi a farkon Mayu, in furanni sun buɗe sosai. Soson saman kuwa na daina cire shi ko da rani, don zafin Yuli ma ta rufi yake shiga.